Yadda ake haɗa faifan post-punk a ɗaki ɗaya, da hannu biyu

Faifan da ya sa na daina jiran abokan kiɗa shi ne na farko da Luis Vasquez ya fitar a 2010 da sunan The Soft Moon. Faifan post-punk ne, wato wani salon kiɗan rock mai duhu da ya biyo bayan punk. A Oakland ta jihar Kalifoniya ya naɗe shi, waƙoƙi 11, kusan komai da hannunsa: jita, bas (wato jita mai kaurin sauti), na'urar ganga, murya. Kamfanin Captured Tracks na Brooklyn, wanda Mike Sniper ya kafa a 2008, shi ya fitar. Sai daga baya Vasquez ya tara mutane don hawa dandali. Ya rasu a Janairun 2024 yana da shekara 44, kuma har yau in zan fara sabon aiki sai na koma na saurari faifan nan.

Fara da ganga. Sa na'urar ta buga salo ɗaya, bugu 140 zuwa 160 a minti, ka bar ta tana maimaitawa, kada ka yi mata ado. Wannan bushewar ita ce ƙashin bayan kiɗan.

Sai bas, kuma nan ne zan ce ka zauna ka daɗe. A post-punk bas ke jan waƙa, jita na biye. Ɗauki tsinken kaɗawa, ka riƙa bugawa ƙasa-ƙasa ba ɗagawa, ka hau saman wuyan bas ɗin inda sautin ya fi kaifi. Sauti uku ko huɗu sun ishe ka. Ni nakan kunna gangar in bi ta na minti goma, ido a rufe, har yatsuna su tsaya kan abu ɗaya da kansu. Ƙara masa ɗan chorus, wato tasirin da ke sa sauti rawa kamar igiya biyu ake kaɗawa tare. In ka kashe komai ka bar bas da ganga kawai, kanka bai motsa ba, to goge ka sake. Jita ba za ta ceci waƙar ba.

Ita jitar, igiya ɗaiɗai za ka taɓa, da amsa-kuwwa mai yawa. Murya kuma a nutsar da ita cikin kiɗan. Vasquez sau da yawa raɗa yake yi, ko numfashi, ko ihu daga nesa.

Kayan aiki ba sa buƙatar dukiya: kwamfuta, akwatin shigar da sauti, makirufo ɗaya irin Shure SM57, da manhajar naɗar sauti irin Reaper, ko Audacity wadda kyauta ce. Amma ƙayyade wa kanka layin sauti takwas a kowace waƙa, wato sautukan da ake naɗa daban-daban kafin a haɗa su. Kuma kashe fanka kafin ka ɗauki murya. Na taɓa rasa aikin dare guda saboda gurnaninta ya shiga ƙarƙashin kowane baiti, amsa-kuwwar ta ninka shi.

Wahalar aiki kai kaɗai ita ce babu mai ce maka ya isa haka. Don haka in ka gama haɗawa, ajiye waƙoƙin mako biyu, sannan ka saurare su a lasifikar waya da cikin mota. Gyaran ƙarshe ka ba wani mai sabon kunne. Fitar da su a tsarin fayil ɗin sauti na WAV, ka ɗora a Bandcamp, shafin da mawaƙa ke sayar da kiɗansu a intanet, ka rubuta a ƙasa abin da ka kaɗa da wanda ya taimaka.