Hatiminka ba kayan haya ba ne: kurakuran sababbin masu zanen gini

Kusan duk shekara sai matasa sun shigo ofishina bayan sun gama bautar ƙasa, da kwalin digiri a hannu da ɗan kati da aka buga wa "Arc." a gaban suna, wato laƙabin akitek, mai zanen gini. Tambayata ɗaya ce: ina lambar rajistarka? Sai a yi shiru ana sosa ƙeya. Na gaji da maimaita magana ɗaya ga mutum ɗaiɗai, shi ya sa na ce bari in rubuta.

Ƙannena, digiri bai mai da kai akitek a idon doka ba, ko da a Zariya ka yi shi, inda aka fi daɗewa ana koyar da sana'ar nan a ƙasar. Hukumar ARCON, wadda dokar soja mai lamba 10 ta 1969 ta kafa, ita kaɗai ke sa sunan mutum a rajista, kuma dokar ta hana wanda ba ya ciki amfani da wannan laƙabi ko ɗaukar nauyin zanen gini da sunansa. Da yawa kuna ruɗa ta da NIA. NIA ƙungiyarmu ce ta 'yan sana'a tun 1960, ARCON kuwa hukumar gwamnati ce, zama ɗan ƙungiya bai ɗauke maka rajista ba. Hanyar a fili take: digiri na farko, na biyu, aƙalla shekara biyu kana aiki ƙarƙashin mai rajista, sannan jarrabawa. Ni shawarata, tun ranar farko ka sayi littafi kana rubuta kowane aiki da ka taɓa, maigidanka yana sa hannu duk wata. Wanda ya bari sai jarrabawa ta ƙarato ƙarya zai zauna yana ƙirƙira.

Amma abin da ya fi ƙona min rai shi ne hayar hatimi, domin ya taɓa ƙona ni. Ban daɗe da samun rajista ba wani abokin karatuna ya kawo min zanen shaguna da bene hawa ɗaya a kai, ya ce in taimaka in buga masa hatimi a kai wa hukuma. Na duba takardun sama-sama, na buga, ya ba ni abin da bai kai kuɗin buhun siminti goma ba. Ban taka filin ba, ban san mai ginin ba. Bayan shekara ɗaya da rabi aka kira ni. Ashe mai ginin ya ga haya na tafiya, ya ɗora hawa biyu a kan ginshiƙan da aka yi don hawa ɗaya. Bango ya tsage tun daga dekin har ƙasa, aka kwashe 'yan haya da daddare. Allah ya tsare ba a rasa rai ba. Da aka buɗe fayil, ba sunan abokina a ciki, ba na birkila, sunana ne da lambata. Abokin nawa kuwa ya kashe wayarsa. Wata takwas na yi ina zarya ina amsa tambayoyi, wani babban aiki da nake sa rai ya suɓuce saboda labarin ya kai kunnen mai shi, kuma har yau in na wuce layin gabana sai ya faɗi.

To ku da kuke yawo da zane a leda kuna neman wanda zai buga muku, da ku manyan da kuke zaune kuna sayar da hatimi kamar ƙosai, ku ji tsoron Allah. Mutane ne za su kwana a ƙarƙashin dekin nan da 'ya'yansu. Hatimi shaida ce cewa ka duba, ka yarda, kuma za ka amsa. In ba ka duba ba, shaidar zur ka yi.

Tun daga nan hatimina a kulle yake, makullin a aljihuna. Ba na buga wa zanen da ba a teburina aka yi shi ba, kuma sai na je na ga filin da idona. In mai gini ya kauce wa zanen da aka amince, ba na tsayawa gardama a bakin aiki. Ina komawa ofis in rubuta masa wasiƙa mai kwanan wata, in ajiye kwafi, in ya ƙi ji in rubuta ta janyewa. Wasu abokan aiki suna cewa haka na korar masu ba da aiki. Ya kore su. Ku tuna benen nan mai hawa 21 da ya rushe a titin Gerrard, Ikoyi, ranar 1 ga Nuwamba 2021, ya kashe mutum sama da 40: kamfanin injiniyoyin da ya fara aikin ya riga ya rubuta takardar janyewa tun 2020, kuma ita aka fito da ita bayan abin ya faru.

Sauran ƙanana ne, amma suna cizo. Lissafin rodi da ginshiƙi aikin injiniya ne mai rajistar COREN, hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista, kada ka kwafo na wani gini ka liƙa a naka. Rajistar kamfani a CAC daban, rajistarsa a ARCON daban. Kuɗin sabunta lasisi na shekara ka biya shi da wuri, kada ka tara bashi sai ranar da kwangila ta nemi takarda. Kada ka miƙa zane kan alkawarin baki, ko da ɗan uwanka ne, a rubuta abin da za ka yi da abin da za a biya. Sannan ka fahimtar da mai fili cewa takardar mallaka ba izinin gini ba ce. Sai hukumar tsara birane ta jiha ta amince, a Kano KNUPDA, a Kaduna KASUPDA, kuma kafin a sa diga a haƙa harsashi ake nema, ba bayan an zo an shafa wa bango jan fenti ba.