Darasi na Shida: Yadda Ido Ke Saita Agogon Jiki

Aikin ido bai tsaya ga gani kaɗai ba. A bangon ido ta ciki akwai wata siririyar tantani mai karɓar haske, kuma a cikinta akwai wasu 'yan ƙwayoyin halitta waɗanda babban aikinsu shi ne auna yawan hasken da ke shigowa, su sanar da ƙwaƙwalwa ko gari ya waye ko dare ya yi. Sinadarin da ke cikinsu, mai suna melanofsin, an fara gano shi ne a fatar kwaɗo a 1998, sannan a 2002 David Berson na Jami'ar Brown da ke Amurka, tare da abokan aikinsa, suka nuna cewa waɗannan ƙwayoyi da kansu suke jin haske. Shi ya sa wasu makafi, duk da ba sa ganin komai, jikinsu yana bambance dare da rana.

Saƙon yana isa wani ɗan curi a ƙasan ƙwaƙwalwa mai ƙwayoyi kusan 20,000, wanda shi ne agogon jiki. A wurin yawancin mutane zagayensa ya ɗan zarce awa 24, don haka kullum sai haske ya saita shi. Idan duhu ya shiga, jiki yakan saki sinadarin melatonin domin shirin barci, amma haske mai ƙarfi da dare, musamman mai shuɗi-shuɗi irin na farin ƙwan lantarki da fuskar waya, yakan jinkirta fitowarsa. Hasken safiya kuwa yana jawo barcin daren da ke tafe ya zo da wuri.

A Legas dare da rana kusan daidai suke duk shekara, kimanin awa 12 kowanne, saboda haka ba yanayi ne ke rikita mana barci ba, neman abinci ne. Mai gadi yana kwana ido biyu, ɗan dako a kasuwar Mile 12 yana sauke tumatir da albasa tun cikin duhu, wanda ke zaune a Agege kuma yakan fito da asuba don gudun cunkoson hanya, ya wuni a shago ƙarƙashin fitila. Ƙwan ɗaki, komai haskensa, bai kama ƙafar hasken waje ba ko da akwai hadari.

Mai aikin rana ya samu ɗan lokaci a waje da hantsi, ba tare da ya kalli rana kai tsaye ba, kuma ya rage haske da danna waya bayan sallar isha'i. Mai aikin dare kuwa ya fi buƙatar kulawa: idan ya koma gida da safe, ya saki labule mai kauri, ya kwanta cikin duhu, kuma ya riƙe lokaci ɗaya na kwanciya iyakar iyawarsa. Idan rashin barci ya daɗe, a je asibiti.

Aiki: Kowane ɗalibi ya rubuta lokacin kwanciyarsa da na tashinsa har mako guda, ya kawo aji.