Yadda za ka sa itacen alda ya riƙa yi wa ƙasarka taki

Duk wanda ya taɓa tuge gyaɗa ko wake ya san ƴan ƙulluttukan nan da ke manne a saiwa, toh akwai itatuwan kan tsauni da suke da irinsu, fitacce a ciki shi ne alda, wanda mutanen Nefal ke kira utis. A Sikkim ta Indiya a ƙarƙashin inuwarsa ake noman babban kadamon, wani kayan ƙamshin girki, manoman ƙauyen Khonoma a Nagaland, ita ma a Indiya, sassabe rassansa suke yi su bar kututturen ya sake tohuwa suna shuka a tsakani, wani ɗan uwansa daga tsaunukan Andes na Kudancin Amurka ma an kai shi Ruwanda da Kabale ta Uganda.

Aikin ba na itacen kaɗai ba ne fa. Wata bakteriya ce mai suna Frankia take shiga saiwar ta zauna a cikin ƙulluttukan nan, itacen ya ba ta sukari, ita kuma ta kamo naitirojin na iska, wanda shi ne kashi 78 cikin 100 na iskar da muke shaƙa, ta mayar da shi abin da tsiro zai iya sha. In babu ita a ƙasar, dashenka zai tsaya ne kawai ganye ɗorawa-ɗorawa.

Saboda haka tun a wurin reno ake gyara abin. Ka samu tsohon alda mai lafiya ka tona a hankali kusa da gindinsa, ba sai ka yi zurfi ba, za ka ga curin ƙulluttuka masu rassa-rassa kalar ruwan goro, wasu har sun kai girman lemun tsami don su shekara da shekaru suke yi suna ƙaruwa, ba kamar na gyaɗa da damina ɗaya ce ba. Ɗebi masu tauri, bar baƙaƙen da suka ruɓe, kuma dan Allah kar ka kwashe duka. Wanke su, daka su da ɗan ruwa, tace, ka zuba a ledojin dashen a ranar tun kafin su bushe. In ka ga wahala ce, ɗebo ƙasar gindin ka gauraya da ta leda, shi ma yana yi.

Kar ka ce za ka taimaka masa da yuriya, in tsiron ya samu naitirojin a sauƙaƙe ƙulluttukan ba sa fitowa sosai, gara ɗan takin fosfet. Bayan wasu makonni ka farke leda ɗaya ka duba saiwar. Kuma kar ka yanka ka ce ai cikin bai yi ja-ja ba irin na wake, na alda dama fari-fari ne.

Sai dai itacen sanyi ne da laima, zafin Kano ko Maraɗi ba zai bar shi ba, a can gawo ne ke wannan aikin da tasa bakteriyar daban, ruwan Frankia ba zai yi masa komai ba.