Kurakuran da teloli da masu sana'ar hannu ke yi idan sun kai kuka ƙaramar hukuma

Abin da ya fi damuna shi ne yadda muke kai wa ciyaman kukan da ba ya hannunsa. Teloli su tashi takanas zuwa sakatariya, su zauna a benci tun safe, da an ba su dama sai su fara da maganar wuta. Gaskiya ne rashin wuta na kashe mana aiki, musamman gab da Sallah, lokacin da keken surfani ke tsayawa cak, man janareta ya cinye riba. Amma raba wuta aikin kamfani ne, a Kano KEDCO ke nan. Ciyaman zai jajanta muku, ku fito hannu rabbana.

Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya zayyana abin da ke ƙarƙashin ƙaramar hukuma: kasuwanni, tashoshin mota, kula da shaguna da rumfuna, allunan talla, kwashe shara, da magudanan ruwa. Nan ya kamata a dage. Kwatar da ke malalowa ƙofar shago da damina har ta jiƙa shadda, ko neman rumfa ga matan da ke kitso da ƙunshi, duk huruminsu ne.

Wani kuskuren kuma shi ne zuwa a ɗaiɗaiku. Tela ɗaya roƙo ya zo yi, amma ƙungiya mai rajista da sunayen mambobi da lambobin shagunansu, ko kansila ya san ƙuri'u ne a gabansa. A haɗa da marina da masu ɗinkin hula da dukawa, matsalarmu ɗaya ce. Kuma kada a tsallake kansilan mazaɓa da mai unguwa, su ne za su riƙa tuna maganar bayan kun tafi.

Batun haraji kuwa, baki kawai muke kaiwa. "Ranka ya daɗe, ana takura mana." Wa ya karɓa? Nawa? Yaushe? Na taɓa ganin dattijon tela ya buɗe tsohon gwangwanin madara, ya zaro rasit biyu na kuɗin shago na shekara guda ya shimfiɗa a tebur. Jami'in ya daina gardama nan take. Duk wanda ya karɓi kuɗi, a nemi rasit, a adana.

A rubuta buƙata ɗaya ko biyu a takarda guda, a yi kwafi, a sa a buga hatimin karɓa da kwanan wata. A kai ta kafin ƙarshen shekara, lokacin da ake tsara kasafin kuɗi, domin abin da bai shiga kasafi ba sai a ce ku jira baɗi. Tun hukuncin Kotun Ƙoli na Yulin 2024, wanda ya ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, kuna da hujjar tambayar abin da aka ware wa kasuwarku. Bayan mako biyu, a tura mutum biyu su koma da kwafin nan su bi sawu.