Yadda nake yi wa mutane bayanin otizim ɗina, ko wani zai amfana

Ni gyaran waya nake yi a kasuwar Farm Centre a Kano, kuma sai da na girma sannan na san sunan abin da ke tare da ni, otizim, wato wani yanayin halittar ƙwaƙwalwa da ke shafar yadda mutum yake mu'amala da mutane da yadda yake jin abubuwa irin su hayaniya. Kafin nan sunaye na sha su kala-kala, wani ya ce miskili ne, wani ya ce girman kai, 'yan uwan Babanmu kuwa cewa suke iska ce ta taɓa ni. Tunda na fara faɗa a fili sai masu irin nawa da iyayen yara suke ta tambayata wai ta ina ake fara wa mutane bayani, to ga yadda nake yi.

Abu na farko kar ka fara da sunan. Wallahi kana cewa "ina da otizim" a garin nan an gama yanke maka hukunci, wani zai ce ai galahanga kenan, kalmar da aka tattara lalurori daban-daban aka cusa a ciki, wani kuma ya kalle ka sama da ƙasa ya ce kai da kake sana'arka lafiya lau me ya same ka. Ka fara da abu ɗaya da mutumin ya taɓa gani da idonsa a jikinka, sunan ya biyo baya.

Da Hajiyarmu haka na yi. An yi dinar bikin yayata, ban kai rabin awa a hol ɗin ba na fice na koma bayan motoci na tsuguna na toshe kunnuwa, dangi suka yi ta magana wai na watsa wa gida ƙasa a ido. Sai da aka kwana uku, bayan isha'i tana zaune a tsakar gida tana gyaran zogale, na zauna kusa da ita na ce, "Hajiya, kin san in ana surutu a ɗaki kunnenki yana zaɓar muryar mai miki magana ya ƙyale sauran? To ni nawa ba ya zaɓa. Kiɗan DJ da janareta da ƙarar cokula da kukan yaro duk da ƙarfi ɗaya suke shigo min, har sai na ji kamar kaina zai tsage." Ta ajiye tiren ta yi shiru can ta ce, "Shi ya sa kana yaro in na aike ka markaɗe kake dawowa kana kuka?" Na ce shi ne Hajiya. Ranar ko sunan ban faɗa mata ba, sai daga baya.

Ka lura da lokacin da na zaɓa. Ba a bayani lokacin da abin ya taso, a lokacin ni magana ma ɗaukewa take yi, kuma ba a yi a gaban taro inda kowa zai sa baki. Mutum ɗaya, wuri shiru, bayan an ci an ƙoshi. In kuma bakinka ba ya ba ka haɗin kai ka rubuta a WhatsApp, ni da yawan bayanina a rubuce na yi su don ina samun damar gogewa in sake.

Sai kuma ka haɗa kowane bayani da abin da kake so a yi maka, don in ka faɗi damuwa kawai ka yi shiru tausayi za ka samu, tausayin kuma kwana biyu ne. Ogana na shago na ce masa, "Oga, in na yi kuskure ka faɗa min kai tsaye, habaici wuce ni yake, ba raini ba ne, ban gane da ni ake ba." Na kuma roƙe shi in aiki ya wuce biyu ya turo min a rubuce, kuma in za a canja tsari a gaya min tun da wuri, don sauyin bazata yana birkita min yini guda. Maganar ido ma na yi masa. Abin mamaki ina yaro sunkuyar da kai da nake yi yabo nake sha a kai, ana cewa yaron nan akwai kunya, amma a kasuwa kwastoma gani yake rashin gaskiya ne, alhali ni in na kafe idona a naka to ba na jin abin da kake faɗa, sai dai in zaɓi ɗaya.

Akwai wani mai bincike ɗan Ingila, Damian Milton, shi ma yana da otizim, a 2012 ya yi bayanin cewa rashin fahimtar nan ta ɓangare biyu take, yadda mu masu otizim muke kasa karanta sauran mutane haka su ma suke kasa karanta mu. Wannan maganar ta cire min nauyi sosai, yanzu in zan yi bayani ba na shiga kamar mai neman gafara.

Batun aljanu fa a bi shi a hankali, kar ka tsaya gardama da manya. Kawuna da ya kawo maganar ruƙiya cewa na yi, "Kawu, addu'a ina so, Allah ya saka da alheri, a ci gaba da yi min, amma wannan yanayin halittar ƙwaƙwalwa ne tun ƙuruciya, likitoci sun san shi." Tun 1943 likita Leo Kanner ya rubuta bayaninsa a Amurka, ba allurar rigakafi ke kawo shi ba, ba kuma laifin tarbiyyar uwa ba ne, wannan ka faɗa da ƙarfi don iyaye mata suna shan zargi a banza. In suna ganin kana girgiza jiki ko kana murza yatsu ka ce musu kamar mai kaɗa ƙafa ne a layin banki, jiki ne ke neman natsuwa, a bar ka. Wanda kuma yake son a duba shi ko ɗansa, akwai sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.

Kuma don Allah ka riƙa cewa "ni haka nake ji", kar ka ce "mu haka muke". Temple Grandin, farfesar kimiyyar dabbobi a Amurka, ta ce ita da hotuna take tunani, ni kuwa ba haka nawa yake ba. Akwai yaran da ba sa magana sam, akwai masu buƙatar a kula da su kullum, bayanina ba zai tsaya a madadin nasu ba, su ma a ba su hoto ko waya ko takarda su nuna abin da suke so, a yi haƙuri a jira amsarsu.

Ba kowa za ka faɗa wa ba, mai adaidaita sahu ba ya buƙatar tarihinka, amma wadda za ka aura ko wanda za ki aura ya kamata ya sani tun ana zance. Ga saƙon da nake tura wa dangi in an gayyace ni taro, mai so ya kwafa ya gyara daidai nasa:

"Assalamu alaikum, zan zo insha Allah. Hayaniya tana wahalar da ni sosai, don haka zan zauna kusa da ƙofa nesa da sifika, in kun ga na fita minti goma kar a biyo ni kar a kira waya, zan dawo da kaina. In ban dawo ba na tafi gida ne, lafiyata ƙalau, gobe zan shigo mu gaisa."