Yadda za ka kare muryarka da kuɗin waƙarka daga AI

Ɗan'uwa mawaƙi, a watan Afrilun 2023 wani ya yi amfani da AI, wato fasahar kwamfuta mai iya kwaikwayon murya da haɗa waƙa, ya haɗa waƙa da muryar manyan mawaƙan Kanada Drake da The Weeknd ba da saninsu ba, mutane miliyoyi suka saurara kafin kamfanin waƙoƙinsu, Universal Music, ya sa a sauke ta. In an yi wa masu manyan lauyoyi haka, ina ga kai da kake shiga situdiyo a Kano ko Kaduna da kuɗin aljihunka?

Daga situdiyon za ka fara. Kar ka fito daga situdiyon da waƙar da aka gama haɗawa kaɗai, ka ce furodusa ya ba ka muryarka zalla ba kiɗa, da kiɗan daban, ka zuba a filashi ka kuma tura wa kanka ta imel saboda kwanan wata ya zama shaida. Muryar nan zalla ita manhajar kwaikwayon murya ke nema, 'yan mintuna sun ishe ta, shi ya sa tun kafin a ɗauka sai ku rubuta a takarda cewa ba zai ba kowa ba kuma ba zai loda ta a wata manhaja ba. Na san akwai nauyi ka ce wa mutumin da kuke cin abinci kwano ɗaya ya sa hannu, amma wallahi ya fi ranar da za ka tashi ka ji muryarka tana yi wa wani ɗan siyasa waƙar kamfen, ko tana yi wa wani habaici, jama'a kuma sun riga sun yarda kai ne.

Duk kwantiragin da aka miƙo maka ka duba ko ya ba da izinin koyar da AI da muryarka, in ka gani a soke, ko a yanka masa kuɗinsa daban. Sannan ka yi wa waƙoƙinka rajista a Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya, NCC, kana iya yi ta intanet.

Maganar kuɗi kuma, manhajar sauraron waƙa ta Spotify tara kuɗin take wuri ɗaya ta raba gwargwadon saurare, kuma tun 2024 waƙar da ba ta kai saurare 1,000 a shekara ba ba ta samun ko sisi. Deezer, wata manhajar irin Spotify, ta ce a Afrilun 2025 waƙoƙin AI sama da 20,000 ake loda mata kullum. Ka ga kason kowa raguwa yake, don haka ka riƙe wasan biki da masoyanka na gaske, kar ka biya masu cewa za su ƙara maka saurare na bogi, a kan haka ana iya sauke waƙar gaba ɗaya.

In kai ne za ka yi amfani da Suno, manhajar AI mai haɗa waƙa, ka sani abin da ka haɗa a tsarin kyauta ba na sayarwa ba ne, kuma ka faɗa wa masu saurarenka gaskiya. Don Allah kar ka taɓa muryar marigayin mawaƙi ba da yardar iyalansa ba, abin nan yana min ciwo sosai, kar kuma AI ya sa ka daina kiran mai kalangu da 'yan amshi da ka saba kira, da kuɗin da kake biyansu suke cefane.

In ka ci karo da muryarka ta bogi a YouTube, ka fara kwafe adireshin bidiyon ka ɗauki hoton shafin, sannan ka shigar da ƙorafi ta ɓangaren kare sirri, nan suke karɓar buƙatar cire muryar da AI ya kwaikwaya.