Yadda ake kula da injin PSA mai samar da oksijin

Kashi 78 cikin ɗari na iskar da muke shaƙa naitirojin ne, kashi 21 oksijin, ragowar kusan duk wata iska ce mai suna agon. Manyan masana'antu sanyaya iskar suke yi har ta zama ruwa, su rarrabe ta, domin naitirojin na tafasa a digiri 196 ƙasa da sifili, oksijin kuma a 183. Asibitoci da ƙananan masana'antu da dama kuwa suna amfani da injin PSA (gajarcen Pressure Swing Adsorption), wanda ke raba iskar ta hanyar ɗaga matsi da sauke shi kawai.

Kwampiresa ce ke danna iska zuwa matsin wajen ba 7 (ba, wato bar, ma'aunin matsi ne), ta bi ta injin busarwa mai cire danshi da jerin filtoci, ta taru a tanki. Daga nan ta shiga ɗaya daga cikin tagwayen tukwane cike da ziyolait, wasu ƙwayoyi kamar gero. Naitirojin ya maƙale a jikinsu, oksijin ya wuce. Bayan kamar minti ɗaya sai bawul ya karkatar da iskar zuwa tukunya ta biyu, ta farkon ta sauke matsi ta amayar da naitirojin. Hucin da ake ji akai-akai ke nan. Agon ba ya maƙalewa, shi ya sa tsarkin oksijin ɗin bai cika wuce kashi 95 ba. Ƙa'idar asibiti kashi 93 ce, kada ya yi ƙasa da 90. Idan naitirojin ake so, ƙwayoyin gawayi na musamman ake zubawa, su kama oksijin.

Ruwa da mai su ne ajalin ziyolait. Ya fi son danshi a kan naitirojin, kuma in ya sha ruwa, sauke matsi ba ya fitar da shi. Mai kuwa toshe ƙofofinsa yake yi har abada. Saboda haka injin busarwa za ka fara kunnawa, ka ba shi mintuna ya yi sanyi, ma'auninsa ya sauka wajen digiri 3, sannan ka tayar da kwampiresa. Sai tankin iska ya cika za ka kunna tukwanen. Oksijin na farko ba ya da tsarki, a bar shi ya fita waje har ma'aunin tsarki ya haura kashi 90 kafin a buɗe layin marasa lafiya. In wuta ta ɗauke, da wannan tsarin za a sake tayarwa, komai gaggawar da ake yi.

Kullum ka gwada magudanar ruwan da ke ƙarƙashin tanki da filtoci da hannunka, musamman da damina. Tana toshewa shiru, ruwa ya taru ya wuce gaba. Filtocin kama mai da na gawayi a canza su bisa awannin da kamfanin ya rubuta, kada a jira su yi baƙi. Da hunturu ƙura kan toshe filtar bakin kwampiresa tun lokacinta bai yi ba, da bazara kuma zafin ɗaki kan fi ƙarfin injin busarwa. Ɗakin yana buƙatar iska mai shiga da fita.

Dole wurin da kwampiresa ke zuƙar iska ya yi nesa da salansar janareta da inda motoci ke tsayawa, don hayaƙinsu na ɗauke da guba.

Idan tsarki ya faɗi, kada ka yi saurin ɗora laifi a kan ziyolait. Duba ko ana jan oksijin fiye da ƙarfin injin, don shi ya fi yawan faruwa. Sai matsin iska, sai bawul mai yoyo, sai ma'aunin kansa, wanda ke buƙatar saiti da iskar gwaji. Amma in ka ga farar hoda a bakin mafitar naitirojin, ƙwayoyin sun fara niƙewa, a tsayar da injin a kira injiniya.

Wajen cika silinda, wata kwampiresa marar mai ce ke ɗaga matsin zuwa ba 150. A nan giris ko mai, ko da na hannu ne, yana iya kamawa da wuta nan take. A buɗe bawul a hankali, a ɗaure silinda a tsaye, bututun da ke fitar da naitirojin kuma a kai bakinsa waje da ginin.